Tiya Goma Sha Tara

Zuwa ga Malama Hadiza, Maman Ma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Malikanchi lafiya lau muke, sai kewa. Damina ta yi albarka, masara ta yi kyau. Rufin ɗakinki da kika yi ta mita a kansa na gyara shi, shekara biyu bayan tafiyarki. Na san abin da za ki ce: sai da mai mitar ta kau.

Na rubuto ne in kawo miki ƙarar kaina tun wani bai riga ni ba. Masu leƙen wasiƙar nan a waya, ku karanta abinku, amma ba da ku nake ba.

Kin tuna ranar da aka dawo da ke daga asibiti, kika riƙe hannun rigata kika ce, "Baban Ma'u, yarinyar nan makarantar kwana za ta. Kada ka mayar min da ita 'yar awo." Na ce to. Ni da nake cewa to sau ɗari a ranar kasuwa ba tare da ko ɗaya ta kai zuci ba, wannan ɗin ce ta kai.

Ga laifin. Hutun farko bayan rasuwarki na kasa barin Ma'u a gida ita da tabarmarki. Na ɗora ta a bayan babur muka tafi kasuwar Makarfi, na ce na yau ne kawai. Na yau ɗin ya zama na kowane hutu. Kin san 'yarki, kanki ta ɗauko, amma idon nawa ne. Kafin wata biyu ta iya zura hannu can cikin buhu ta lalubo tsakuwar da aka ɓoye. Na koya mata cewa buhun da manomi ya rantse tiya arba'in ne, ta ƙirga shi talatin da takwas, don ɗaya ta tafi a ƙura da dusa, ɗaya ta zube a ɗinki da hanya. Na koya mata cewa ba a sallamar mai saye da yawa ba gyara. Ina koyarwa ina jin daɗi, don in tana magana muryarki nake ji a rumfar.

Bana ta shiga aji shida. Saura sati shida a yi jarrabawar shiga sakandare sai ga Malam Tanimu, wanda ya karɓi ajinki, ya yi sallama a ƙofar gida da takardar gwaji a hannu. Ya ce lissafin tsaye, na tarawa da ɗebewa da rabawa, babu mai kamo ta a ajin. Amma lissafi mai labari, wanda kike cewa shi ne mai kayar da yara, ko ɗaya ba ta ci ba. Ya ce, "Malam Ɗanlami, ni dai ban san inda take samo lambobinta ba. Kullum tana kusa da amsa, kullum ba ta kanta. In haka ta yi ranar jarrabawa a Ikara, sai dai a haƙura da makarantar kwana."

Na karɓi takardar. Tambayar farko: manomi yana da buhun masara uku, kowanne tiya arba'in, ya raba wa mutum shida daidai wa daida, nawa kowa zai samu? Amsa ashirin. 'Yarki ta rubuta goma sha tara.

Malama, kallo ɗaya na yi na gane. Talatin da takwas sau uku, a raba shida. Ko ƙwaya ba ta ɓace mata ba. Ta biyu: mace ta sayi mangwaro kashi huɗu, kowane kashi biyar. Ta rubuta ashirin da biyu, ta saka gyara. Ta uku kan mota ce da ta tashi daga Ikara ƙarfe takwas, ana tambayar yaushe za ta isa Makarfi. Nan ko lissafin ba ta yi ba, ta rubuta a ƙasa: motar ta cika?

Ba zan ɓoye miki ba, sai da na danne murmushi. Malam Tanimu na tafiya murmushin ya gushe. Na mayar miki da ita 'yar awo, kuma gwana.

Karatuna kin san inda ya tsaya, aji uku na sakandare, daga nan kasuwa ta ɗauke ni. Duk da haka na zaunar da ita, na ɗaga murya, na ce ta rubuta ashirin. Ta dube ni da idon nan naki ta ce, "To Baba, ƙarya zan rubuta? Kai fa ka ce duk wanda ya yarda buhu arba'in ne bai taɓa awo ba."

Washegari da hantsi na buɗe akwatinki. Tun da kika tafi ban taɓa shi ba. Ƙamshin turarenki ne ya fara fitowa, sai da na zauna a bakin gado na ɗan jima. A ƙarƙashin mayafanki na sami littafin da kike shirya darasi, da gwangwanin madarar nan cike da 'ya'yan tsamiya.

Sai na gan ki kamar yau, bayan la'asar a gindin darbejiyar tsakar gida, yaran unguwa sun kewaye ki, kina kasa 'ya'yan tsamiya a ƙasa. "A karanta sau biyu. Me aka ba mu? Me ake nema? Abin da ba a faɗa ba, a bar shi a waje." Ni kuma ina gefe ina wanke babur ina tsokanarki: wane manomi ne zai raba wa mutum shida daidai ba a dangana da mai unguwa ba? Kika ce, ko ɗago kai ba ki yi ba, "Mutanen cikin takarda ba 'yan kasuwarku ba ne. Abin da suka ce suna da shi, shi ne da su."

Da wannan maganar taki na koma wa Ma'u. Na ce mata ba ƙarya za ta rubuta ba. Akwai wani gari a cikin takarda inda buhu yake cika, mota take tashi a kan lokaci, 'yan'uwa shida su raba hatsi kowa ya tafi yana dariya. Na ce mamanki ta san garin sosai, in kin shiga ki bi al'adarsu. Sai ta ce, "Ashe shi ya sa Mama ba ta iya ciniki ba." Kin ji 'yarki.

Daga ranar na daina zuwa Kudan ɗaukar albasa da yamma. Kullum bayan la'asar mu shimfiɗa tabarmarki a gindin darbejiya. Doka ɗaya muka kafa: takalmi da kasuwa duk a bakin tabarma ake barin su. Ita ke karanta Turancin ta fassara min, ni in kasa 'ya'yan tsamiya. Ranar da na manta na ce ai direban zai tsaya shan mai, ita ta ce, "Baba, ka hau tabarma da takalmi."

Ranar jarrabawa na kai ta Ikara. A bakin ƙofa ta sauka daga babur ta miƙo min hannu a dunƙule, ba komai a ciki, ta ce in riƙe mata gyarar sai ta fito. Na riƙe. Ki yarda da ni, awa uku hannun nan bai buɗe sosai ba.

Sakamako ya fito makon jiya. Sunanta yana ciki, Malama. Asma'u ta samu makarantar kwana. Na cika miki.

Sai dai ga wani lissafi mai labari da ba ki bar min yadda ake yin sa a littafinki ba. Gida mai mutum uku, aka ɗauke ɗaya. Takarda ta ce saura biyu. Ni mai awo na auna shekara biyu, bai taɓa kai biyun ba. Ranar Lahadi kuma za a sake ɗebe ɗaya, da hannuna zan kai ta tasha.

Jiya muna haɗa mata kaya, takardar makaranta ta ce garin kwaki mudu biyar. Na auna biyar, kowanne da tozo, sannan na cika tafin hannu biyu na ƙara. Ta kama ni. Ta ce, "Baba, takarda ta ce biyar." Na ce biyar ɗin nawa ne, wannan kuma daga mamanki. Ta buɗe bakin ledar da kyau don kada ko ƙwaya ta zube.

Allah Ya jiƙan ki, Hadiza. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane yaro da kika koya wa ƙirga ya zama nauyi a mizaninki. Allah Ya raya mana Ma'u, Ya tsare ta a inda idona ba ya kaiwa. Ya haɗa mu a gidan da ba a ɗebe kowa. Amin.

Gwangwanin 'ya'yan tsamiyar ta ce da shi za ta tafi. Na bar mata. Tabarmar ce na hana.

Naki har kullum,
Baban Ma'u