Lauya Ya Zama Shugaban Jam'iyya

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau. Wankin motoci nake yi, hannuwana sun ɗan tsattsage, amma kada Inna ta ji.

Na ga Lauya a talabijin, wai shugaban jam'iyya na ƙasa, yana wa'azin amana. Shekara tara ina ɗaukar masa jaka zuwa kotu. Da aka kama ni kan takardar da shi ya rubuta, ya ce bai san ni ba. Shi ya raba ni da gida.

A wasiƙarka ka ce zai ba ka muƙami in na ba shi haƙuri. Allah ya ba ka wanda ya fi shi, Yaya, amma haƙurin nan ba zai fito daga bakina ba.

Ƙaninka.