Na Kai Baba Gindin Bishiyar da Ba Tasa Ba

Gwaggo Verna, ki taimake ni. Shekara ashirin ina sayar da tsofaffin motoci a nan jihar Kentaki ta Amurka, ban taɓa jin kunyar ciniki ba sai bana.

Babana tsohon maharbi ne, idonsa ya tafi, ya rataye bindiga. Abin da ya rage masa, duk kaka in kai shi bayan gonarmu gindin wata ƙatuwar bishiya da ake kira farin oak, ya zauna yana sauraren barewa da talo-talo suna cin 'ya'yan da suka zubo. A nan ya nemi auren mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. To, rufin ɗakinsa ya fara yoyo, masu ƙera gangar katako suka taya bishiyar, na sallama ban gaya masa ba, suka sare ta, na gyara rufin da kuɗin. Makon jiya na zaga da shi ta wata hanya, na zaunar da shi gindin wata irinta, jan oak. Na ce ai girmansu ɗaya. Ya shafa ɓawon, ya tsinci ƙwallo ɗaya cikin 'ya'yanta ya gatsa, ya yamutsa fuska. Sai ya ce mini wurin ya yi daɗi, ya gode. In faɗa masa, ko in bar shi?

Dillali Mai Nadama

Dillali, ka sayar wa maharbi jabu, ya biya ka da godiya, har kana tambaya ko ya gane? Ɓawon farin oak toka-toka ne, yana ɓamɓarewa a hannu, gefen ganyensa a kewaye, ƙwallonsa da ɗan gardi, shi ya sa barewa ke fara masa. Na ja kuwa ɗaci kamar maɗaci. Harshen tsohon nan bai makance ba. Ya yi shiru ne don kada ɗansa ya ji kunya.

Ban ce ka yi mugunta ba. Ruwa ba ya zuba a kansa yanzu, wannan ma ƙauna ce. Laifinka ka yanke masa hukunci kamar yaro.

Gobe ka gaya masa, ba tare da bakin kasuwa ba. Sannan ka kai shi wurin kututturen. Ƙwallon farin oak da zarar ya faɗi yake tsirowa, za ku tarar da ƙananan bishiyoyi sun tsiro a kewaye. Kai ka duba, shi ya shafa ganyen ya zaɓi ɗaya, ku kewaye ta da waya saboda barewa. Ba zai sha inuwarta ba, ya sani. Bar shi ya zaɓa duk da haka.

Allah ya ƙara masa lafiya. Ka gaishe mini da shi.

Gwaggo Verna