Ni ne na tura saƙon, ba ɗalibaina ba

Zuwa ga Shugabar tawagar masu bincike kan matasa da wayar hannu,

Assalamu alaikum. Hajiya Farfesa, ina gaishe ki da aiki, da fatan kun koma gida lafiya. Ni ne Malam Isyaku, malamin sakandare a Birnin Gwari, wanda ya tara muku ɗalibai a gindin darbejiya kuka yi musu tambayoyi, kuma ya sa babbar riga ranar ɗaukar hoto alhali ba wanda ya ce ya sa.

Rahotonku ya iso. Shafin da kuka yabe ni a ciki na karanta shi sau uku, na nuna wa maiɗakina, sannan na duba sauran. A nan daɗin ya ƙare. Kun rubuta cewa matasanmu ne ke yaɗa jita-jita a waya, ba su yarda da hukuma ba, sai dai Allah ya sa akwai dattijo irina yana tsare su. Ga abin da na ɓoye muku.

Na farko. A farkon damina, ana gobe kasuwa, saƙon murya ya shigo wayata. Wani mutum ne yana haki yana cewa 'yan bindiga sun tare hanyar Kakangi. Ban san shi ba. Kafin ya gama magana na tura wa zauren iyayen yara, da na malamai, da na masallacinmu, har na ƙara da cewa labarin tabbas ne. Da yake Malam ne ya faɗa, mutane da yawa suka fasa fitowa, masu kayan gwari suka zauna da kayansu yana lalacewa.

Wadda ta kama ni Hadiza ce, ɗalibata a ƙungiyar tantance labari da na kafa a makaranta. Iyayenta daga Kakangi suka taso. Bayan an tashi daga aji ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, Malam, mutumin nan cewa ya yi sun gudu sun bar masara ba su karya ba, mu kuwa ko noman fari ba a gama ba. Ta riga ta kira kawunta a can, ta kuma tambayi direbobin tasha. Saƙon tsoho ne, na wata kakar da ta wuce. A bayana kuwa, a kan allo, ga rubutun hannuna: wa ya gani, a ina, yaushe?

Na biyu. Kun tambayi yaran ko sun yarda da hukuma, kuka ba su "e" ko "a'a" kawai. Yaron da ya girma a bakin dajin nan ya sha jin hukuma ta ce hanya lafiya, ya kuma ga abin da ya biyo baya. Ba ƙin yarda suke yi ba, bincikawa suke yi. Ni ma yanzu sai sun bincika maganata, kuma ina fata ranar zaɓe su yi wa 'yan takara haka.

Na uku. An karanta rahotonku a taron iyaye da malamai. Ina zaune a gaba, ana nuna ni, ina sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Washegari mahaifin Hadiza ya karɓe wayarta. A zama na gaba za a yanke ko a rufe ƙungiyar.

Laifin farko nawa ne, domin da kuka zo na fi sha'awar hoto. Amma ku ma ba ku tambayi ko dattijo ɗaya abin da yake turawa ba. Saboda haka ina roƙo ku gyara shafin nan, ku dawo ku yi mana tambayoyin da kuka yi wa 'ya'yanmu, ku kuma aiko da takardar da za a karanta wa iyaye kafin su yanke hukunci. Ni dai zan tashi a wurin in faɗi nawa. Idan kuna neman hoton mai yaɗa jita-jita, kuna da shi: ni ne mai babbar rigar.

Allah ya ƙara miki basira, ya tsare hanyarku idan za ku dawo.

Wassalam.
Malam Isyaku, Birnin Gwari