Darmar Jirgin Baba

Filinge, 4 ga Afrilu 1973

Yaya Tahiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, ka yi haƙuri, yau ba daɗin baki na kawo ba. Rijiyar unguwarmu ta kusa ƙafewa. Guga goma nake ja kafin in cika tulu, ruwan ma duk kanwa. Gidan Manzo sun tashi, gidan Ibrah sun tashi. Mu kuwa muna zaune saboda jirgin ƙarƙashin ruwan nan na gwangwani da Baba yake ƙerawa tun da ya baro sojan ruwa a Tulon ta Faransa, abin da bai kai tsawon taɓarya ba.

Kai ka ƙara lalata shi da ka aiko masa akwatin rediyon da ke juya jirgin daga nesa. Kullum sai na cika masa rabin tano, wato gangar ƙarfe, da ruwa, ya sa jirgin, ya ce hanci ya ɗaga, ya ƙara darma, gobe ya ce wutsiya ce. Ya rantse ba zai bar garin nan ba sai jirgin ya zauna daidai. 'Ya'yana biyu suna kallon ruwan, ba halin sha sai ya gama. Wallahi raina a ɓace yake.

Ka gaida matarka.
Ƙanwarka, Habsa

Yamai, 12 ga Afrilu

Habsa,

Na amsa gaisuwa. Ashe ni ne mai laifi? Na aika masa abin da zai ɗebe masa kewar Inna, yanzu ya zama abin zagi. To, ba komai. Ki bar yi masa gardama, kin san Baba, ko liman bai juya shi. Ran Juma'a in ya tafi masallaci ki naɗe jirgin a tabarma ki ba Kailu direba ya kawo mini. Inda jirgin ya tafi, nan Baba zai bi. Ga kogi a nan, ya yi ta wasansa har ya gaji.

Yayanki, Tahiru

Filinge, 24 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi abin da ka ce, kuma Allah ya isa tsakanina da wannan shawara. Kwana uku Baba bai ce mini uffan ba. Ko abinci sai 'yata Muna ta kai masa yake karɓa. A gidan ubana na zama ɓarauniya, kai kana can ƙarƙashin fanka.

Amma ya sauko. Jiya ya kira ni ya ce, "Ki ɗaure kaya, mu bi motar Kailu ran Litinin ta sama, bayan kasuwa." Ya ce in faɗa maka da babbar murya kada ka sa jirgin a kogi. Da ruwanmu ya daidaita shi, ruwan kanwa mai nauyi, wanda ke ɗaga abu sama. Tun da rijiya ta fara ja baya kanwar ke ƙaruwa, shi ya sa yake ta ƙara darma. Ruwan kogi bai da wannan ƙarfin. Sai ya zo da kansa ya rage darmar ɗaya bayan ɗaya.

Har ya wanke tsohuwar hularsa ta soja. Ban taɓa ganin yana ɗokin tafiya haka ba.

Habsa

Yamai, 27 ga Afrilu

Habsa,

Gaisuwa. Takardarki ta makara da kwana biyu. Na kai jirgin bakin kogi, kusa da gada, don in ga ko ya huje a hanya. Ina sakinsa ya yi ƙasa. Babu akwatin a hannuna, ko da akwai ma ban san me zai yi ba. Masunta uku sun yi nutso har la'asar, laka kawai suka ɗebo.

Me ya hana ki faɗa mini zancen kanwa tun farko? Ke ce kike gidan. Yanzu dai ki rufe bakinki. Kada ya ji sai mota ta wuce garin Baleyara.

Tahiru

Filinge, 29 ga Afrilu

Tahiru,

Ina gaishe ka. Kailu yaron kirki ne, takardar gida maigida yake ba, ba ya tsallake shi. Na karanta wadda ka aiko wa Habsa.

Habsa da yara suna tafe gobe, ka tarbe su a tasha. Ta yi kuka, na ce ta shiga mota. Na ba Muna akwatin, ta yi wasa da shi. Kada ka ƙara wahalar da masunta.

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan jirgin nan, kuma ko tambayata ba ku yi ba. Ni ina nan. Ruwan da ya rage ya ishi mutum ɗaya.

Allah ya yi muku albarka.
Ubanku, Magagi