Dokin Ƙofar Zauren Kakanmu

Haɗeja, ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Muttaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya ruwa a Guri? Allah ya sa bai taɓa muku shinkafa ba.

Wata magana ce ke yawo tun bayan Sallah, wai za a fasa dokin ƙofar zauren kakanmu. Da mai shayi ya faɗa min, dariya na yi. Da wanzami ya maimaita, na ce ya ji da askarsa. To jiya da idona na ga ɗanka Tasi'u magini durƙushe a wurin, yana awo. Na ce lafiya? Ya ce wai gangara za a yi saboda keken guragu na Yaya Bakari.

Muttaka, ni ba yaro ba ne. Haka aka fara da zauren maƙwabta, an ce gyaran ƙofa, yau shagon cajin waya ne. Kuma ka san kaka bai ɗaga dokin nan har gwiwa don ado ba. Shekarar da kogi ya shigo gari, shi ya tsare littattafai. Faɗa min gaskiya, wa ya aiko yaron?

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
Badamasi

Guri, ranar Talata

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa da sauƙi.

Ni na aiko shi, kuma babu zancen shago. Tun da ɓarin jikin Yaya Bakari ya shanye, sai an cicciɓe shi kamar buhun gero kafin ya tsallake dokin nan. Ranar Maulidi rawaninsa ya faɗi a gaban ɗalibansa. Daga ranar ya daina shiga, yana jin karatu daga gindin bango. Ba za a fasa komai ba. Gangarar za ta hau dokin daga waje, ta sauka ta ciki.

Ni ma na ji wata magana, ka yi haƙuri. Wai tun da ba ya shiga kai kake zama a kan buzunsa kana jan karatu, kuma wai zaman ya karɓe ka.

Allah ya ƙara girma.

Ƙanenka,
Muttaka

Haɗeja, ranar Juma'a

Muttaka,

Wa'alaikumus salam. Buzun ɗumama masa shi nake yi.

Na gwada da sandata. In an yi gangarar, ƙofa za ta gajarce. Mai keke ya wuce kansa a miƙe, mu masu ƙafa mu shiga kamar masu ruku'u. To, an yarda. Amma ban sake da ɗanka ba. Zan sa kujera in zauna a kansa har ya gama, siminti kada ya taɓa bangon ƙasa.

Yanzu na gaskata zancen, don wanda ya faɗa min na ƙarshe Yaya Bakari ne. Da safen nan ya kira ni gindin bango, ya ce, "Badamasi, an ce za a yi gangara. Ka kakkaɓe min buzuna, ka koma layin ɗalibai inda na bar ka."

Wassalam.

Yayanka,
Badamasi