Albasar da Ban Juya Ba

Zuwa ga Malama Balkisu, sanyin fadamata, farin furen albasa a tsakiyar gona, ruwan farko bayan doguwar bazara. Sallama da gaisuwa.

Kin tuna shekarar da anka ba mu jiha, ranar da kinka rasa mota a Maiyama, na ɗauko ki a gaban a-kori-kurata zuwa Jega? Littattafan ɗalibanki na kan cinyarki, kina dubawa da jan biro. Don ki san ni ma na taka aji uku a sakandare, na ce miki ina expect ɗin sake ganinki. Kinka yi dariya har gyalenki ya zame! Kinka ce expect na wanda ya tabbata ne, wait zama ne kurum, hope kuwa na wanda zuciyarsa ke rawa. Na ce mutumin da ya fara da kwando guda na albasa har ya sayi mota ba ruwansa da rawar zuciya.

Ashe can na ɓata. Kin san sana'ata a Aliero: in an jibge albasa a rudu, rumfar ajiyarta, ana jiran lokacinta, dole a riƙa shiga ana juya ta, ana tsince wadda ta fara laushi. Ban taɓa barin rudu mako guda ban duba ba. Amma ke, hasken idona, na ajiye ki, wai sai na gama ginina na Sabon Gari kafin in tura wa Babanku neman aurenki. Wata bakwai ban tako ƙofar gidanku ba! Wane manomi ke yi wa abin da ya fi so haka?

Jiya Gwaggo Zulai ta shaida mini an mayar da aikinki Birnin Kebbi, kuma wasu sun gaida Baba a kanki, ya ce amsa na bakinki ran Juma'a. Tun sannan ginin nan ya zame mini kango. Me zan yi da ɗaki huɗu in babu muryarki a ciki?

Kawuna Buba zai zo wurin Baba a madadina ran Alhamis. Ban tabbatar da komai ba, Balkisu. Fata nake yi, zuciyata na rawa kamar ganyen ɗorawa. Ki gyara ni da jan bironki yadda kika so, amma don Allah kada ki soke ni.

Naki har a rufe ni da ƙasar Aliero,
Atiku Tamu