Ƙorafi Kan Kwamfutar Jar Mota da Shuɗin Fenti

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Makanikai.

Daga:
Tsohon makaniken rumfa ta huɗu,
Babban Gareji.

14 ga Mayu, 2024

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙwace takardar shaidar aikin mai ƙorafi bisa aikin da bai yi ba

Bayan gaisuwar ban girma, mai ƙorafi, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, yana roƙon a saurari waɗannan bayanai.

1. Ranar 4 ga Maris, wani matashi ya kawo jar motar tsere wadda aka riga aka ƙara wa babban turbo mai ƙara wa inji ƙarfi da manyan nozul na fesa mai. Kwamfutar injinta ta asali ta kasa ji da su, dole a canza. Mai ƙorafi ya ajiye masa guda biyu a kan benci. Ta farko tana rage wa turbo ƙarfi da kanta idan inji ya yi zafi ko mai ya gaza. Ta biyu a buɗe take, abin da aka rubuta mata shi za ta yi ko da inji na narkewa. Ya ba shi shawarar ta farko. Matashin ya zaɓi ta biyu, wai shi gudu ya zo nema, ba nasiha ba.

2. Mai ƙorafi ya ƙi aikin. Ranar 6 ga Maris, yana asibiti ana duba masa ido, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya koya wa riƙe sifana, ya ɗaura kwamfutar, ya ƙure turbo, ya kashe duk wani gargaɗi.

3. Shugaba ya fi kowa sanin ƙa'idar garejin: kowane makanike da launin fentinsa, in ya gama aiki sai ya ɗiga a kan noti, a san hannun wa ya taɓa. Na mai ƙorafi shuɗi ne, na ƙanensa rawaya. Bawan Allah ya buɗe akwatin yayansa, ya ɗiga shuɗi a kan notuna huɗu, ya rufe gwangwanin tsaf kamar mutumin kirki.

4. Ranar 19 ga Maris fistin ya narke a kan babban titi, motar ta kama da wuta, matashin ya rasa yatsu uku. Mai ƙorafi ya je duba shi, aka kore shi daga bakin ƙofa.

5. A zaman 2 ga Afrilu, Kwamiti ya dubi notuna, bai dubi katin asibiti ba. Ƙanen ya rantse bai taɓa motar ba, ya ƙara da cewa yayansa ya tsufa, ba ya gani, ba ya ji. Aka yi dariya, har da Shugaba. Aka karɓe takardar, aka sa mai ƙorafi ya tuttular da fentinsa a ƙasa da hannunsa, gaban mutanen da ya yaye. Ya yi kuka a ranar, kuma ba ya jin kunyar rubuta haka. Washegari ƙanen ya tare a rumfa ta huɗu.

6. Tun daga lokacin, zaman banza ya ba mai ƙorafi damar zama a bakin titi, kuma kunnen da aka ce ya mutu yana aiki. Daga ƙarar inji ya gane motoci uku da ke ɗauke da irin wannan kwamfuta da irin wannan saiti, duk daga hannu ɗaya. Biyu za su iya kai ƙarshen shekara. Ta ukun injinta ya fara ƙwanƙwasa, da wuya ta yi wata guda.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙon a sake zama, a karɓi katin asibitinsa, a mayar masa da takardarsa da rumfarsa, a kuma tsayar da ƙanensa a inda aka tsayar da shi.

Ya so ƙwarai ya faɗi lambobin motocin nan, amma hukuncin Kwamiti ya haramta masa ba da shawara kan kowace mota, shi kuwa mai biyayya ne. Abin da zai iya cewa kawai, ɗaya daga cikin ukun ɗan Shugaba ne ke tuƙa ta. Wacce ce, sai ranar da takarda ta dawo hannunsa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya tsare masa iyali.

Mai biyayya a gare ku,
Tsohon makaniken rumfa ta huɗu
(sa hannu)